Daga Wimbledon Zuwa Wandsworth: Yadda Dukiyar Boris Becker Ta Zurare

Ranar 29 ga Afrilun 2022, mai shari'a Deborah Taylor ta kotun Southwark da ke Landan ta yanke wa Boris Becker ɗaurin shekara biyu da rabi. Abin da ya bazu a bakin mutane shi ne wai bashi ne ya yi wa tsohon zakaran tanis na Jamus katutu har ya kai shi gidan yari. Wannan rabin zance ne. Dokar Ingila ba ta ɗaure mutum don ya ci bashi ya kasa biya. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma dokar karayar arziki an yi ta ne ma don a sauke wa wanda ya karye nauyi, ya sake sabon lale. Abin da aka kama Becker da shi shi ne ɓoye dukiya bayan kotu ta ce ya fito da komai. Tuhuma 24 aka gabatar, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga 20, suka same shi da laifi a huɗu. Yadda mutumin da da bakinsa ya faɗa wa kotu cewa ya samu kusan dala miliyan 50 a zamanin wasansa ya koma yana kwashe 'yan dubban yuro yana raba su a ɓoye, shi ne abin dubawa, kuma sai an koma can baya, lokacin yana ɗan shekara 17.

An haife shi ranar 22 ga Nuwamban 1967 a Leimen, ƙaramin gari kusa da Heidelberg, a Jamus ta Yamma ta wancan lokaci. Mahaifinsa mai zanen gine-gine ne, kuma shi ya zana cibiyar tanis ta garin, inda yaron ya tashi yana buga ƙwallo. A can ma ya riƙa haɗuwa da wata yarinya 'yar garin Brühl da ya girme ta da kusan shekara ɗaya da rabi, Steffi Graf, wadda ita ma ta zama zakarar tanis. Wasu mutum biyu da suka fito daga Romaniya ne suka ɗauke shi suka fita da shi duniya: Günther Bosch yana koyar da shi, Ion Tiriac yana riƙe da harkar kuɗi da yarjeniyoyi. Makaranta kuwa tun yana ɗan 16 ya ajiye ta.

A Wimbledon ta 1985, babbar gasar tanis da ake yi a Landan a kan filin ciyawa, sunansa ba ya cikin jerin manyan 'yan wasa 16 da ake ware wa gurbi. Sau biyu ya tsallake rijiya da baya. A zagaye na uku Joakim Nyström ya kai shi turmi biyar, har sau biyu yana da damar rufe wasan da bugunsa. A zagaye na huɗu, da Tim Mayotte, ya gurɗe a idon sawu har ya nufi raga zai miƙa hannu ya janye, sai aka ɗaure masa ƙafar ya koma ya ci wasan. A wasan ƙarshe, ranar 7 ga Yuli, ya haɗu da Kevin Curren, wanda ya riga ya fitar da John McEnroe da Jimmy Connors cikin sauƙi, ya doke shi a turmi huɗu. Shi ne Bajamushe na farko da ya ci kofin maza na Wimbledon, shi ne na farko da ya ci ba ya cikin waɗanda aka ware, kuma har yau babu namijin da ya ci shi da ƙarancin shekaru irin nasa. Ladan kofin fam 130,000 ne.

Salon wasansa ya dace da wannan fili. A kan ciyawa ƙwallo ba ta tashi sama sosai, sulɓewa take yi ƙasa-ƙasa da gudu, don haka mai bugun buɗewa mai ƙarfi shi ke da rinjaye. Becker yakan tsaya yana ɗan rausaya gaba da baya, ya durƙusa sosai, ya wurga ƙwallo sama ya maka, kafin abokin karawa ya mayar ya riga ya iso bakin raga. In an nemi wuce shi ta gefe, sai ya yi tsalle ya miƙe sharaf a iska ya taɓo ƙwallon, ya faɗi da ƙirji. Kowa a Wimbledon farin kaya yake sawa. Nasa kan ƙare wasa da koren ciyawa da ƙasa, gwiwoyi a kuje. Wannan halin ko-a-mutu-ko-a-yi-rai shi ya sa 'yan kallo suka so shi. A kan jar ƙasa kuwa, inda ƙwallo ke rage gudu tana tashi sama, kuma sai mai haƙurin mayar da ita sau ashirin ke cin maki, labari ya sha bamban. A cikin kofuna 49 da ya ci shi kaɗai, ko ɗaya babu na jar ƙasa. Gasar Faransa sau uku yana kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, nan yake tsayawa.

Jamus ta ɗauke shi ta aza a ka. Kafin 1985 tanis a can wasan masu hannu da shuni ne, kuma tarihin mazan ƙasar a Wimbledon tarihin zuwa-na-biyu ne: Gottfried von Cramm ya faɗi a wasan ƙarshe sau uku a jere daga 1935 zuwa 1937, Wilhelm Bungert ya faɗi a 1967. Da Becker ya sake cin kofin a 1986 a kan Ivan Lendl, sannan Graf ta kwashe manyan gasanni huɗu (na Ostareliya da Faransa da Wimbledon da Amurka) da zinaren Olamfik a 1988, sannan su biyun suka ci Wimbledon rana ɗaya a 1989, sai ƙasar ta rikice da tanis. Masu rajista a ƙungiyoyin wasan suka haura miliyan 2. Gasar ƙarshen shekara ta zakaru aka ɗauko ta daga New York aka kawo Frankfurt a 1990, daga baya Hannover. Kamfanoni irin su Puma da Deutsche Bank suka yi layi. Yaron da bai isa a ba shi lasisin tuƙi ba ya zama dukiyar ƙasa, kowa yana ganin yana da ta cewa a kan budurwarsa da inda yake kwana. Da aka fitar da shi a zagaye na biyu a 1987, a hannun Peter Doohan, sai da ya tuna wa 'yan jarida cewa ba yaƙi ya faɗi ba, kuma babu wanda ya mutu. Daga baya shi da kansa ya faɗi cewa ya yi shekaru yana shan maganin barci a wancan zamani.

A nawa ganin, lissafin nasarorinsa ya nuna halinsa fiye da duk wata hira. Manyan kofuna shida: Wimbledon 1985 da 1986 da 1989, gasar Amurka 1989, gasar Ostareliya 1991 da 1996. Kofin Davis na ƙasashe sau biyu, 1988 da 1989, duka a kan Suwidin. Zinaren Olamfik na wasan mutum bibbiyu a Basalona a 1992 tare da Michael Stich, ɗan ƙasarsu da ya ƙwace masa Wimbledon shekara ɗaya kafin nan, kuma ba sa ga-maciji sosai. Amma a matsayin na ɗaya a duniya mako 12 kacal ya yi, alhali Lendl ya yi 270, Graf ta yi 377 a ɓangaren mata. Wato mutum ne na babbar rana. In fili ya cika, an zo turmi na biyar, ka ba shi. Aikin yau da gobe na tara maki a ƙananan gasanni mako bayan mako, wannan ya bar wa wasu.

Akwai wani bugu ɗaya da masu bin tanis ba sa mantawa. A wasan ƙarshe na Monte Carlo a 1995, a kan jar ƙasar da ta gagare shi, ya ci Thomas Muster turmi biyu na farko, a turmi na huɗu ya kai ga maki ɗaya ya rage ya ɗau kofi, kuma shi ke da bugu. Na farko ya ɓaci. Ƙa'ida ita ce a sassauta na biyu, a tabbatar ya shiga, don in shi ma ya ɓaci maki ya tafi kyauta. Becker ya maka na biyun da ƙarfin na farko, ya fita waje. Muster ya farfaɗo, ya ci turmin ƙarshe 6-0. Irin wannan kasada ta sha ba shi nasara a wasu ranakun, shi ya sa bai daina ba.

Sai batun kuɗin. Ɗan tanis ba kamar ɗan ƙwallon ƙafa ba ne da ke da kulob mai biyansa albashi ko ya buga ko bai buga ba. Shi ne kamfanin kansa: shi ke biyan koci da mai tausa da jirgi da otal, kuma kowace ƙasa ya ci kuɗi a cikinta sai ta yanki harajinta. Ladan wasan da Becker ya tara a duk rayuwarsa kusan dala miliyan 25 ne kafin a cire duk waɗannan, sauran daga talla suka fito. Kuɗi ne masu yawa, amma ƙofarsu a buɗe take na shekara 15 kawai. Kuma a duk tsawon shekarun bai taɓa zama ya duba takardun kuɗin da kansa ba. Tiriac ne ya mayar da shi mazaunin Monako, inda ba a karɓar harajin kuɗin shiga, tun bai yi gemu ba. Bosch ya tafi a 1987. Shi da Tiriac suka rabu a 1993 (shi kuwa Tiriac ya kafa banki da kamfanin inshora a ƙasarsu, ya zama ɗaya daga cikin attajiran Romaniya; wanda ya iya kuɗi a tafiyar dai an san shi). Lauyan Munik da ya karɓi ragamar, Axel Meyer-Wölden, ya rasu a 1997. Mahaifinsa ya rasu a Afrilun 1999. Wata biyu bayan haka Pat Rafter ya fitar da shi a zagaye na huɗu a Wimbledon, ya ajiye wasa yana ɗan 31. Duk mutanen da ke iya ce masa a'a sun kau a daidai lokacin da kuɗin wasa suka tsaya.

Hausawa na cewa in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Tasa ba ta sauya ba, sai ma nauyi da ya ƙaru. Aurensa da Barbara Feltus, wadda mahaifinta baƙar fatar Amurka ne, ya taɓa zama abin yaba masa: a zamanin da ake ƙona gidajen baƙi a garuruwan Rostock da Solingen na Jamus, ya tsaya a kan zaɓinsa duk da zagi da barazana, har suka fito a bangon mujallar Stern a 1993 don nuna adawa da wariyar launin fata. Auren ya mutu a farkon 2001, bayan ya samu 'ya da wata mace a Landan, abin da ya fara musantawa kafin gwajin jini ya tabbatar. Jaridu sun ruwaito cewa rabuwar ta ci kusan dala miliyan 14 da gida a Florida, ban da kuɗin kula da yara da ke fita duk wata.

Gargaɗin farko ya zo a Oktoban 2002, a kotun Munik. Maganar mai sauƙi ce amma tarko ce ga masu yawo irinsa. A dokar Jamus, in kana da wurin kwana da ke hannunka a ƙasar, kana da makulli kana shiga lokacin da ka so, to kai mazauni ne kuma duk abin da ka samu a duniya akwai haraji a kai, ko da takardunka na cewa Monako kake. Becker ya riƙa amfani da wani ɗaki a Munik tsakanin 1991 da 1993. Aka lissafa harajin da ya kauce wa kusan yuro miliyan 1.7. Ya amsa laifi, ya biya abin da ake binsa, aka yi masa ɗaurin je-ka-gyara-halinka na shekara biyu da tarar yuro 500,000. Ya fita daga kotu a tsaye. Shekara 20 bayan haka mai shari'a Taylor ta ɗauko wannan hukunci ta ce an taɓa ba shi dama bai ɗauki darasi ba.

Abin ban sha'awa, gidan Graf ma sun shiga irin wannan ramin, har ya fi zurfi. Mahaifinta Peter Graf, wanda ke riƙe da kuɗinta, an ɗaure shi shekara uku da wata tara a 1997 kan haraji. Ita aka rufe binciken da ake yi mata, ta karɓi harkokinta ta sa ido da kanta, ta auri zakaran tanis na Amurka Andre Agassi a 2001, ta zauna a Las Vegas, ba ka jin ɗuriyarta sai a harkar gidauniyarta. 'Yan lardi ɗaya, 'yan zamani ɗaya, dukansu an riƙe musu kuɗi tun suna yara. Bambancin yana cikin abin da kowa ya yi bayan mari na farko.

Kasuwancin da Becker ya shiga ba sai an daɗe a kansa ba. Wani shafin wasanni na intanet mai suna Sportgate ya durƙushe a 2001. Wani dogon bene da za a gina da sunansa a Dubai bai tashi ba. Ya riƙe shagunan sayar da Mercedes a arewa maso gabashin Jamus, ya yi tallar karta ta kuɗi. A 2017 mujallar Der Spiegel ta ruwaito cewa ya shiga wata hada-hadar man fetur da gas a Najeriya, wasu jaridu suka yayata kamar ita ce ta lashe dukiyar, amma babu ita a cikin laifuffukan da kotu ta kama shi da su. Abin da ya fi shan jininsa shi ne wani katafaren gidan gona a tsibirin Mallorca na Sifaniya: hukuma ta ce an yi gini fiye da izini a rushe wani sashe, masu aikin gini da na lambu suka kai ƙara kan kuɗinsu, gidan kuma ya ƙi sayuwa. A kansa ya karɓi rancen miliyoyin yuro daga bankin Arbuthnot Latham a 2013, ya ƙara da wani daga hannun wani attajirin Birtaniya da ruwa kashi 25 cikin ɗari. Duk wanda ya yarda da ruwa irin wannan, ƙofofin da suka fi sauƙi sun riga sun rufe masa.

Kuma a daidai wannan lokacin ne yake cikin mafi kyawun aikinsa tun barin wasa. Daga Disamban 2013 zuwa Disamban 2016 shi ne babban kocin zakaran tanis Novak Djokovic. Djokovic ya ɗauke shi ne saboda ya fara faɗuwa a wasannin ƙarshe, yana neman wanda ya san yadda ake riƙe zuciya a babbar rana. Tare suka ci manyan kofuna shida, har da na Faransa na 2016, kofin da shi Becker bai taɓa ɗagawa ba. Ga kuma sharhin wasa a BBC. Kuɗi na shigowa, sai dai fita ta fi shiga. Ya faɗa wa kotu cewa hayar gidansa a unguwar Wimbledon kaɗai fam 22,000 ce a wata.

Ranar 21 ga Yunin 2017 kotun Landan ta ayyana shi a matsayin wanda arzikinsa ya karye, kan bashin bankin nan. Lauyansa ya roƙi kwana 28 don a sake jinginar da gidan Mallorca, yana cewa mutumin bai ƙware a harkar kuɗi ba. Jami'ar kotun, Christine Derrett, wadda ta ce ta taɓa kallonsa yana wasa a Wimbledon, ta ƙi, ta ce alamu sun nuna mutum ne da ya rufe ido don kada ya ga abin da ke gabansa. Da sauran masu bin bashi suka fito, jimilla ta doshi fam miliyan 50.

A nan ne ya kamata a fahimci yadda dokar take, don a nan ya faɗi. Daga ranar da aka ayyana ka, duk abin da ka mallaka a ko'ina a duniya ya fita daga hannunka ya koma hannun amintattun da kotu ta naɗa, su sayar su raba wa masu bin ka. Aikinka ɗaya ne: ka lissafa komai, kada ka taɓa komai. In ka yi haka, galibi bayan shekara ɗaya an sake ka, ragowar bashin ya faɗi. Ciniki ne mai sauƙi ga wanda ya karye, shi ya sa dokar ba ta wasa da wanda ya ci amanarsa. Becker ya tura yuro 426,930 daga asusun kasuwancinsa zuwa wasu asusun, ciki har da na tsohuwar matarsa Barbara da na matarsa ta biyu, wadda suka rabu daga baya. Bai bayyana wani gida da yake da shi a Leimen ba. Ya ɓoye rancen yuro 825,000 da ya karɓa a kan gidan. Bai ambaci hannun jari 75,000 da yake da su a wani kamfanin fasaha ba. Huɗun ke nan. Gaba ɗaya kusan fam miliyan 2.5, wato abin da ko an miƙa shi ba zai rage komai a dutsen bashin ba. Zargin ɓoye kofunansa, har da na Wimbledon ta 1985, wanda ya fi jan hankalin jaridu, an wanke shi a kai. Waɗanda aka samu a hannunsa an yi gwanjonsu a 2019, suka kawo kusan fam 700,000.

A tsakani ya yi wani yunƙuri da ya fi kama da bugun Monte Carlo. A 2018 lauyoyinsa suka ce yana da rigar kariya ta diflomasiyya, wai Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya ta naɗa shi jami'inta na wasanni da al'adu a Tarayyar Turai, don haka kotun Ingila ba ta da hurumi a kansa. Daga Bangui, babban birnin ƙasar, ministan harkokin waje, Charles-Armel Doubane, ya ce fasfon jabu ne, bai taɓa sa masa hannu ba. Kafin shekarar ta ƙare Becker ya janye maganar. Abin takaici a nan shi ne yadda ake ɗaukar sunan ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita a mayar da shi garkuwar attajirin da ke gudun masu bin bashi.

Kariyar da ya kafa a kotu ita ce ya dogara da mashawarta, ba ya karanta takardu, bai san abin da ya mallaka dalla-dalla ba. Ina ganin akwai gaskiya a ciki, kuma wanke shi da aka yi daga tuhuma 20 ya nuna masu yanke hukuncin ma sun ga haka. Amma uzurin da ya dace da ɗan shekara 17 ba ya ɗaukar ɗan shekara 49 da aka taɓa gurfanarwa kan haraji, kuma tura kuɗi daga asusu kwanaki kaɗan bayan umarnin kotu ba aikin rashin sani ba ne. Mai shari'a ta ce ta yarda ya sha wulaƙanci, amma ba ta ga nadama ko ƙanƙan da kai a tare da shi ba.

An fara kai shi kurkukun Wandsworth, 'yar tafiya kaɗan daga filin Wimbledon, daga baya aka mayar da shi Huntercombe, inda ake tsare fursunoni 'yan ƙasashen waje. Ya daɗe yana zaune a Landan amma bai taɓa karɓar takardar zama ɗan ƙasa ba, kuma wannan ne ya gajarta masa zaman: akwai tsarin da ke ba da dama a saki baƙo da wuri in za a tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsu. Ranar 15 ga Disamban 2022, bayan kusan wata takwas, aka sa shi a jirgi zuwa Jamus, tare da hana shi shiga Birtaniya na wani lokaci. Ya koma sharhin tanis a talabijin, ya koyar da Holger Rune na Denmak daga Oktoban 2023 zuwa Fabrairun 2024, ya koma Milan da zama. A 2024 wani alƙali a Landan ya sallame shi daga ƙangin karayar arzikin bayan ya daidaita da amintattun, yana cewa a wannan karon ya yi duk abin da ake bukata daga gare shi. Abin da dokar ta tanada a gama cikin shekara ɗaya ya ɗauke shi kusan bakwai, masu bin bashin kuma wani ɓangare kawai na kuɗinsu suka gani.